Neman Barewa da Baba Nomau

Litinin: Tasawa zuwa Garin Bawa

Ranar Litinin ta biyu ta watan Nuwamba, ƙarfe shida saura minti goma na asuba, muka tashi daga ƙofar gidana a Tasawa, gari bai gama wayewa ba. Mu biyu ne cikin motar: ni da Sale direba, wani Babarbare da ya daɗe yana kai ma'aikata ƙauyuka da kat-kat ɗinsa, motar shiga rairayi. A baya akwai bidon, wato jarka, huɗu na man gazuwal, biyu na ruwa, tabarmi da kayan shayi. Mutum na uku, wanda dominsa aka shirya tafiyar, yana jiranmu a ƙauye. Shi ne Baba Nomau, wan mahaifina, tsohon maharbi, mai shekara tamanin ko kusa da haka.

Ga dalilin tafiyar. Cikin damina na kai shi Maradi wurin likitan ido. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma mun makara: idon dama ya mutu, na hagu saura kaɗan. Abin da ke cikin taki ashirin yana ganinsa, abin da ya wuce nan sai dishi-dishi, kuma wannan ɗin ma ba zai kai shekara ba. A hanyar dawowa na tambayi Baba ko akwai wanda yake so ya gani tun da sauran ido. Na zaci zai ce jikokinsa na Agadas. Sai da muka wuce Gazawa sannan ya ce, "Barewa."

Babu barewa a yankinmu yanzu. Da na bincika, wuri mafi kusa shi ne wani gandun daji da gwamnati ta killace can arewa, bayan Dakoro, inda baƙi ba su cika zuwa ba. Ba zan faɗi sunan wurin ba, kuma sunan da zan kira mai gadin da ya karɓe mu ba nasa ba ne. Dalili zai bayyana a gaba.

Mun isa Kanan-Bakashe ƙarfe shida da rabi, kimanin kilomita ashirin da biyar daga Tasawa, muka karkata arewa ta hanyar amalanke. Garin Bawa kilomita bakwai ne daga nan. Mun tarar da Baba zaune a ƙofar gida da malfa a kai, da wata jakar fata a cinyarsa.

"Mai rediyo, ka makara," ya ce. Haka yake kirana tun da na fara aiki a gidan rediyo.

"Baba, bakwai na ce, ga shi bakwai saura biyar."

"Agogonka ya sani. Maharbi ba ya bari rana ta riga shi hita."

Tsahara, ɗiyarsa da ke kula da shi, ta miƙo mini goran fura da kwalbar maganin ido. "Ɗigo ɗaya da safe, ɗaya da marece," ta ce. "Kai za ka sa masa. In ka bar shi, cewa zai yi ya sa." Ta kai hannu za ta ɗauki jakar ta kai bayan mota, ya riƙe. Da ita ya shiga gaba, a cinyarsa ta yi tafiyar duka.

Gulbin Kaba da Mayahi

Hanyar Mayahi tana bin gefen Gulbin Kaba. An gama girbi, dammunan hatsi suna jere a bakin rumbuna, gonaki sun haɗe da juna har inda ido ya tsaya. Baba ya sa aka sauke gilashi. Ba gani yake ba, amma yana sanin inda muke. A wani gangare ya ce Sale ya tsaya. Ƙarfe takwas saura kwata.

"Akwai gorubai uku ta hannun dama?"

Na duba. "Biyu, Baba. Akwai kututturen ɗaya."

"To nan ne."

Labarin na san shi, amma ban taɓa jin sa daga bakinsa ba. A wata shekarar yunwa, ina ɗan shekara bakwai, ya kwana uku yana bin sawu cikin gulbin nan, lokacin duk kurmi ne. A gindin goruban ya harbi barewa mace. Maharba ba sa harbin mai ciki, kuma ya ga cikin tun kafin ya ja baka. Gida akwai yara tara, har da ni. Muka ci. Daga ranar ba wanda ya sake ganin barewa a wajenmu. Mutane suka riƙa yi masa raha suna cewa Nomau ya cinye ta ƙarshe. Su raha suke yi, shi kuwa ya riƙe maganar shekara arba'in da wani abu.

"Baba, na nuna maka hotunansu a waya," na ce. "Akwai su."

"Hoto ai ko na matacce ana yi. In da gaske akwai su, in gani da idona. Kada in mutu ina zaton ni na ƙarar da su."

Sale ya ce, "Haba Baba, mutum ɗaya da baka ɗaya?"

"Kai ja mota, ɗan Barno."

A Mayahi muka karya da ƙosai da shayi a bakin tasha. Wajen fita gari akwai shingen jandarmomi. Sun duba takardun mota da katinanmu, ɗayansu ya nuna jakar ya tambayi abin da ke ciki. Baba ya ce, "Kayan aiki." Jandarman ya dubi furfurarsa, ya sara masa, ya ɗaga igiya.

Daga Mayahi muka yanki yamma ta hanyar ƙasa zuwa Kornaka, awa uku da minti goma, sau ɗaya muka kafe a rairayi. Daga Kornaka hanya ta gyaru. Ƙarfe biyu da rabi muna Dakoro.

Dakoro

Mun sauka a wani masauki mai ɗaki huɗu kusa da kasuwa, jikka biyar, wato sefa dubu biyar, kowane ɗaki. Matar mai gidan ta aiko da tuwon hatsi da miyar kuka. Bayan la'asar Baba ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ya roƙi ɗan man shanu a murfin kwano, sannan ya kwance jakar.

Burtu ne. Matasanmu da yawa ba su san shi ba, don haka bari in bayyana. Burtu wani babban baƙin tsuntsu ne mai yawo a ƙasa yana tsintar ƙwari da ƙadangaru, tsayinsa ya kai ƙugun mutum. Maharbi yakan samo kansa, da bakinsa mai lanƙwasa, ya ɗora a kan itace mai siffar wuya, ya rufe da baƙar fata, ya sa igiyar ɗaurawa a goshi. In ya ɗaura, ya lulluɓe da baƙar riga, ya durƙusa yana sarar ƙasa, namun daji sai su ɗauka tsuntsun ne, su bar shi ya matso. Na Baba an yi masa ado da jajayen ƙwayoyin nan, idon zakara, rabinsu sun zube. Ya shiga shafa masa mai da babban yatsa, lungu-lungu.

"Baba," na ce, "can ba a farauta. Ɗauri ne."

"Wa ya ce harbi zan yi? Ka ga baka? Ka ga kwari?" Ya juya wajen Sale. "Kai, motarka taki nawa take kai mutum ga barewa?"

"Ko ɗari biyu sai da sa'a."

"Idona ashirin yake kaiwa. To mi kuke so in yi? Wanga ya sha kai ni inda nake jin tana tauna ciyawa."

Wata uku na yi ina shirya mota da takardar izini da hanya, ban taɓa tunanin wannan tazarar ba. Shi kuwa ita kaɗai ya yi ta tunani.

Talata: Dakoro zuwa gandun daji

Mun fita ƙarfe shida. Bayan gari kaɗan gonaki suka ƙare, muka shiga ƙasar makiyaya: tuddan rairayi masu busasshiyar ciyawa, aduwa da farar ƙaya jefi-jefi, babu hanya sai sawun motocin da suka riga mu. Sale ya rage iskar tayoyi. A wata rijiya muka tarar da raƙuma suna jan guga, igiyar ta yi nisan da sai an yi wa mai jan raƙumin kira da ƙarfi kafin ya juyo. Wata Bafillata ta sayar mana da cuku. Ma'aunin motar ya nuna kilomita saba'in da takwas lokacin da muka hangi tuta da ɗakuna uku na siminti. Ƙarfe goma da minti ashirin.

Mai gadin da aka haɗa mu da shi, zan kira shi Dikko, Bafillace ne dogo, ɗan yankin, mai magana a hankali. Yana jin sunan garin su Sale ya ce, "Ashe bawana kuka kawo mini. Sauke kayan, Babarbare."

"Wa ya ba Bafillace kaki?" in ji Sale. "Yanzu shanun wa ke kuka a daji?"

Aka yi dariya, sannan Dikko ya koma aiki. Ya karanta mana ƙa'ida: ba makami, ba kayan farauta, ba kunna wuta sai a masauki, ba nisa da mota. Ya duba bayan motar. Ya zo kan jakar. Baba bai yi gardama ba, ya kwance da kansa.

Dikko ya daɗe yana juya abin a hannunsa. "Babana ya ba ni labarinsa," ya ce. "Ban taɓa riƙe shi ba. Baba, ka yi haƙuri, wannan kayan farauta ne. Zan ajiye, in za ku tafi in ba ka."

"Aikinka ne," in ji Baba.

Ƙarfe huɗu, da rana ta yi sanyi, muka shiga dajin, Dikko a baya yana nuna hanya da hannu. Wurin shiru ne ƙwarai. Cikin awa biyu ba mu gamu da mota ko mutum ba. Mun ga dila guda, mun ga tuje ya tashi da ƙyar daga ciyawa. Ƙarfe biyar da minti biyar muka zagaya wani tudu, sai ga raƙuman dawa uku suna cin farar ƙaya. Sale ya kashe mota yana salati. Ba su damu da mu ba, har ɗaya ya ratsa ta gabanmu, bai fi taki talatin ba.

"Baba, ka gani?"

"Na ga kamar itace yana tahiya," ya ce. "Allah mai iko. Amma ban taɓa yi wa wanga komi ba. Mu je."

Barewa mun gan su ƙarfe shida saura ashirin, guda biyar, kan wani tudu, nisan taki ɗari uku. Launinsu ɗaya da ciyawar, sai farin ciki da ke ba da su. Dikko ya ciro madubin hangen nesa ya sa wa Baba a idon hagu, ya riƙe masa, yana murza shi a hankali. Baba ya yi ƙoƙari. Ya ce yana ganin haske, yana ganin duhu, suna ta musayar wuri. Sale ya tada mota don ya matsa. Tayoyi ba su yi juyi goma ba suka zabura, cikin ƙiftawar ido tudun ya zama wayam.

Muka koma masauki.

Bayan magariba, kan shayi, Dikko ya tambaye ni abin da ya kawo dattijo mai irin wannan ido wurin kallo. Na faɗa masa, da gorubai uku da komai. Ya juya shayinsa daga kofi zuwa kofi har kumfa ta tashi.

"Baba," ya ce, "gobe da sassafe akwai wani kwari da suke kiwo. Ni zan riƙe burtun har can. Sau ɗaya. Ba wuƙa, ba sanda. In sun gudu, shi ke nan."

"Barewa ba ta gudun burtu," in ji Baba. "Tare suke kiwo."

Wannan abin da Dikko ya yi ba ya cikin ƙa'idar da ya karanta mana. Shi ya sa na ɓoye sunansa.

Laraba: kwarin

Mun bar motar bayan wani tudu ƙarfe shida da minti goma, muka hau da ƙafa, Dikko yana riƙe da hannun Baba. Daga sama muka kwanta rub-da-ciki. Suna ƙasa, kusa da wata aduwa guda, suna kiwo. Dikko ya ƙiyasta taki ɗari biyu da hamsin. Bai faɗa wa Baba yawansu ba, Baba bai tambaya ba.

Baba ya ciro toka daga aljihu, wadda ya ɗebo a murhun shayi, ya saki kaɗan daga yatsunsa kusa da fuskarsa. Ta dawo kan rigarsa. "Iska tamu ce," ya raɗa. "Ina suke?"

"Ka sa rana a kafaɗarka ta dama, ka miƙe. Akwai aduwa. A gindinta suke."

Ya cire malfa da takalmi ya ba ni. Ya jawo baƙar rigar da ya zo da ita bisa kansa. Dikko ya miƙa masa burtun, ya ɗaura a goshi, ya ja igiyar da haƙori. Ƙarfe shida da minti ashirin da biyu ya gangara.

Na san Baba tsoho ne mai tashi da dafa bango. Abin da ya sauka daga tudun nan ba shi ba ne. Tsuntsu ne. Zai yi taki uku, ya tsaya, ya sari ƙasa sau biyu, ya ɗaga kai ya karkata shi gefe kamar mai saurare, ya ratse hagu kamar ya ga fara, ya dawo. Ba ya miƙewa kai tsaye, amma kowane zagaye yana rage tazara. Sale ya kama hannuna ya matse. Dikko ya sa madubi a ido bai sauke ba.

Da ya rage kamar taki ɗari da ashirin, namijin ya ɗaga kai. Sauran suka ɗaga. Suka daina kiwo. Baba ya ci gaba da sarar ƙasa. Namijin ya buga ƙafa, ya yi wani ɗan huci da mu ma muka ji. Suka tsaya a haka suna kallonsa, kunnuwa a miƙe, har ya kai taki saba'in ko kusa da haka. Sai suka juya gaba ɗaya. Ba su yi ƙara ba, rairayi ne. Suka haye tudun gabas suka ɓace. Ƙarfe bakwai saura minti bakwai.

Baba bai gani ba, bai ji ba. Ya ci gaba.

Taki uku, ya tsaya, ya sari ƙasa, ya karkata kai. Yanzu ma ya fi yin a hankali, don a lissafinsa ya kusa. Mu uku muna kwance a kan tudu muna kallon tsoho yana lallaɓa wurin da babu komai. Sale ya ce mini, "Malam, kira shi mana." Na buɗe baki. Shekara ashirin da shida ina magana da mutanen da ba na gani, ranar nan murya ta ƙi fita. Dikko ya sauke madubin ya sa fuskarsa cikin hannun riga.

Ya kai gindin aduwar ƙarfe bakwai da minti bakwai. Ya zagaya ta sau ɗaya. Sannan burtun ya daina motsi, ya zauna.

Muka sauka. Gwiwoyinsa da tafukan hannunsa duk ƙarangiya, ɗaya gwiwar tana jini. Ya kwance igiyar ya ajiye abin a gabansa.

"Tun yaushe suka tahi?" ya tambaye ni.

Na yi tunanin ragewa. "Minti goma sha huɗu, Baba."

"Nawa ya rage mini?"

"Kamar taki saba'in."

"Saba'in." Ya girgiza kai. "Iska ba ta juya ba. Ban yi tari ba. Ko ina yaro ban taɓa tada barewa daga saba'in ba." Sai ya ɗaga fuska wajen da yake jin numfashin Dikko. "Ɗan Fillo, burtu nawa ke cikin dajin ga?"

"Tsuntsun?"

"Tsuntsun."

"Baba, shekarata tara ina aiki a nan, kuma a nan aka haife ni. Ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Wannan na gabanka shi ne na farko."

"Ko kukansa da asuba?"

"Ko kukansa."

"To ba su san shi ba," in ji Baba. "Uwayensu ma ba su san shi ba. Dodo suka gani."

Ya ɗauki burtun ya shafa bakin. "Mu goma sha ɗaya ne maharba a garinmu, kowa da nasa. In ya tsufa a sake wani. Wanga shi ne na ukuna. Ba a cin namansa, shi ya sa ba mu taɓa sa shi cikin lissafin abin da muka kashe ba. Kansa kawai muke ɗauka." Ya juyo gare ni. "Mai rediyo, kai da ke yawo, yaushe rabonka da ganinsa?"

Na duba cikin raina. "Tun ina yaro ɗan lakwal, Baba."

"Ni ma ban lura da ranar da ya tahi ba."

Daga nan ya miƙa hannu ya fara shafa ƙasa. Ya bi ta da yatsu, yana jan jiki, yana kusantar da idon hagu har hancinsa ya kusa taɓa rairayi. Ya tsinci kashinsu ya murza, ya shinshina. Mun ba shi wuri.

"Huɗu ne," ya ce. "Namiji guda, mata biyu. Da ƙarami, na bana. Ga ƙafarsa nan, ba ta kai yatsana ba."

"Haka ne," in ji Dikko. "Huɗu. Da ƙarami."

"To Baba, ai ka gani!" in ji Sale.

"Na taɓa dai." Ya bar yatsansa cikin ɗan sawun. "Akwai su, na yarda. Suna haihuwa. Alhamdulillahi." Ya numfasa. "Na taho da alhaki guda, na sauke shi, ga wani na ɗauka."

Dikko ya ce mu ƙara kwana, a haƙa rami kusa da aduwar tun da duhu, a rufe da ciyawa, Baba ya zauna ciki ya jira. Baba ya tambaye shi ko suna dawowa wurin da aka tsorata su. Dikko ya ce wani lokaci sai bayan mako, wani lokaci fiye. Baba ya ce a'a, ya tsorata su sau ɗaya, ya isa. Sale ya goya shi har mota, bai ƙi ba.

A masauki Dikko ya wanke masa gwiwa, ya cire ƙayoyin da hantsaki ɗaya bayan ɗaya. Da muka gama ɗaure kaya ya kawo jakar. Baba ya ture ta.

"Doka ta ce a karɓe. Ka karɓe."

"Baba, gadonka ne."

"Wa zan bar wa? Rataye shi inda masu zuwa za su gani. Ka ce musu haka kansa yake. Sauran jikin baƙi ne, da farare a fiffike in ya tashi."

Dikko ya karɓa da hannu biyu. Ya raka mu har bakin iyaka, ya ce wa Sale ya tuƙa a hankali, kayan da ya ɗauko sun fi ƙarfin Babarbare. Sale bai rama ba. Mun bar wurin ƙarfe goma sha ɗaya, muka kwana Dakoro.

Alhamis: komawa

Mun tashi ƙarfe shida da kwata, muka bi hanyar da muka zo. Baba ya yi barci daga Kornaka har kusa da Mayahi. A shingen jandarmomi wanda ya duba mu ranar Litinin ne ke aiki. Ya leƙo ya ce, "Baba, ina kayan aikin?" Baba ya ce, "Aiki ya ƙare." A Gulbin Kaba bai ce a tsaya ba.

Ƙarfe ɗaya da rabi muka shiga Garin Bawa. Dattawan da ke zaune a gindin bedin masallaci, wato itacen dogon yaro, suka taso, don duk gari ya san abin da ya kai shi.

"Nomau, ka gan ta?"

"Akwai su."

"Ba shi muka tambaya ba. Ka gan ta?"

"Ban gani ba," ya ce, ya kama hannun Tsahara ya shiga gida.

Na ba ta kwalbar maganin, na faɗa mata yadda za ta kula da gwiwar. Ni da Sale muka iso Tasawa ƙarfe uku saura minti biyar. Jimillar tafiyar, zuwa da dawowa da yawon cikin daji, kilomita ɗari shida da goma sha biyu a ma'aunin motar.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Sale, da matar mai masaukin Dakoro wadda ta ƙi karɓar komai a kan tuwonta, da mutumin da na kira Dikko. Allah ya saka musu da alheri. Wanda ke da ikon zuwa dajin nan ya je tun idonsa na gani.

Idon Baba na hagu ya rufe a makon farko na watan Maris. Bai sake maganar barewa ba. Amma duk baƙon da ya zo gaishe shi daga nesa, daga kudu ko daga yamma, yakan tambaye shi ko akwai burtu a wajensu. Har ranar da nake wannan rubutu mutum ɗaya ne ya ce ya gani, wani direban babbar mota, shi ma bai tabbata ba.